Kujerata a Tsakanin Goge Biyu

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, kuma ko na so in manta, waɗanda suka halarta ba za su bar ni ba. Bari in faɗe su tun da wuri. Akwai jikata Ummi, takwarata, riƙe da gogen Turawa. Akwai malamarta, Malama Judit, wata doguwar Baturiya mai furfura da ke kaɗa fiyano. Akwai wani matashi, Daniyel, mai babban goge irin wanda ake kafawa a ƙasa a rungume shi tsakanin gwiwoyi. Akwai mai gidan, Misis Harkot, tsohuwa tukuf a kujera mai taya, wadda ni kaina yarinya ce a gabanta. Akwai mai naɗar sauti, ya toshe kunnuwansa da wasu baƙaƙen abubuwa kamar murfin kwano. Akwai baƙi Turawa da ba su cika falon ba, cikinsu har da wata mai tsohon ciki a layin gaba, wadda ban damu in tambayi ko wace ce ba (da na tambaya, da ba ku ji wannan labari ba). Sai maƙwabciyarmu Rakiya, mutuniyar zangon Kumasi da yara ke kira Anti, ita ta tuƙo mu kuma ita ce tafintata. Sai ni.

(Ni ban yi boko ba. Surukata ce ke rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta gyara min magana, ko inda na ji kunya ta bar shi yadda yake.)

Ni mutum ce mai sa ido, ban taɓa musun haka ba. Tagar kicin ɗinmu a gidajen haya na bayan titin Wendover tana kallon wurin ajiye motoci, kuma babu motar da za ta shigo ban san mai ita ba da wanda ya rage wa hanya. Tun da ɗana ya kawo ni garin Greensboro na Amirka don in riƙa duba yara, na ɗauki dubawar da muhimmanci, har ta wuce yadda ya nema.

Batun goge kuwa, a garinmu ba abin 'ya'yan mutunci ba ne. Inda duk ka ji kukan goge, to ko 'yan bori ne ko gidan mata masu zaman kansu. In an aike mu muka jiyo shi a wani lungu, sai mu sake hanya, don in mahaifina ya ji an gan ka kusa da wurin, ranar ba za ka zauna da daɗi ba. Sai ga shi na zo ƙasar mutane na tarar da yarinyar da aka sa wa sunana ta maƙale goge a ƙarƙashin haɓa. Wai tun tana firamare aka ce kowane yaro ya zaɓi abin kiɗa, ita duk abubuwan duniya sai wannan ta ɗauka. Na yi faɗa har na gaji, sai na koma harara.

To bana ta gama sakandare, aka ba ta gurbi a makarantar koyon kiɗa. Ubanta (ɗana na fari ne, ba na kama sunansa) famasi, karatun haɗa magunguna, yake so ta yi, amma ba ya iya ganin hawayenta. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya jefo min kayan. Ya ce, "Ranar Asabar za su yi wasa a wani gida. Hajiya za ta je ta gani da idonta. In ta ce e, shi ke nan. In ta ce a'a, famasi." Makarantar kuma tana jiran amsa cikin makon. Shi ya tafi sitonsa aiki, uwar ma tana nata aikin a asibiti, aka bar ni da alƙalanci. Ummi ta dube ni kamar wadda aka miƙa wa mahauci.

A mota ne ta yi min bayanin kiɗan, rabi da Hausarta mai ɗingishi, rabi da Turanci Rakiya na juyawa. Ashe Malama Judit sana'arta ke nan, tonon tsofaffin kaɗe-kaɗen Ingila na goge da aka rubuta fiye da shekara ɗari da suka wuce aka manta da su. Irin kiɗan da ba na dandali ba, na mutum uku ko huɗu a cikin ɗaki. Wanda za a yi ranar, mahaifin Misis Harkot ne ya rubuta shi yana saurayi. Sai babban yaƙinsu na farko ya zo, ya tafi, ya dawo bai sake rubuta komai ba. Takardun suka bi 'yarsa har Amirka a cikin akwati, ba wanda ya taɓa kaɗa su.

Na ce, "Wato ita kanta ba ta taɓa ji ba?"

Ummi ta ce, "Ba ta ji ba, Kaka. Yau ne. Kuma za a naɗa. Don Allah kar ki yi tari."

Na ce, "Ni da tarina za ki kafa wa doka?"

Rakiya ta ce, "Mma, kuma ban da guɗa."

Na ce su biyun ba su da kunya. Ni da na yi shekara da shekaru ina koya wa mutane zama a gidan baƙi.

Irving Park unguwa ce da za ka yi ta tafiya ba ka ga ɗan Adam a ƙafa ba, sai manyan bishiyoyi da gidaje kowanne da filinsa. Can gidan Misis Harkot yake, muka shiga bayan azahar. Ba wanda ya cire takalmi, na lura. Aka ba mu shayi da ƙanƙara a ciki, na karɓa don ladabi na ajiye ƙarƙashin kujera. An jera kujerun ƙarfe masu naɗewa. A gaba ga fiyano, Ummi ta zauna a hagu, Daniyel a dama, suna ɗan fuskantar juna, da fili tsakaninsu kamar shimfiɗar tabarma ɗaya. Mai naɗar sauti ya yi jawabi, Rakiya ta ce min wai ko takardar alewa kada a taɓa.

Aka fara.

Gaskiya kashin farko ban ji komai ba, domin ba ji na zo yi ba, gani na zo yi. Kuma ko minti ba a yi ba na ga abin da na zo nema. Yaron nan ya ɗago kai ya dubi Ummi tsakar ido, ya ja numfashi har ana ji, ya ɗaga mata gira. Ita kuma ta dube shi. Na ce wataƙila idona ne. Can an jima ya sake: ya karkato da jiki wajenta, ya lumshe ido, ya buɗe, ya gyaɗa mata kai, har da ɗan murmushi a gefen baki. Ita ma ta yi murmushi! A gaban jama'a, a gaban kakarta da ke zaune da carbi.

Na zunguri Rakiya. "Kina ganin abin da nake gani?"

"Mma, kiɗa nake ji. Yi shiru, ana naɗa."

"Gira yake ɗaga mata."

"Ei, Mma, girarsa ce."

Na ce a raina, ashe gogen Turawa da namu duk uwarsu ɗaya. An dai sa masa riga mai kyau an shigo da shi falo. A lokacin na riga na yanke hukunci, famasi. Saura kawai in tsayar da abin da ke gabana, don ba zan zauna ina kallo ana yi wa jinina sigina ba.

Sai kiɗan ya tsaya. Na ɗauka an gama. Na ga ba wanda ya tafa, na ce madalla, ashe su ma abin bai yi musu daɗi ba. (Daga baya na ji wai kiɗan kashi-kashi ne, ana ɗan shiru a tsakani, kuma shirun ma cikin kiɗan yake. Wa ya gaya min?)

Na miƙe. Na naɗe kujerata, na ɗauke ta. Rakiya ta kama bakin mayafina, na fizge. Na tsallake wayoyin da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ban taka ko guda ba, wannan kam a yaba min. Na je tsakiyar filin nan da ke tsakanin goge biyu, na buɗe kujera, na zauna, na ba fiyano baya, na fuskanci jama'a, na ci gaba da jan carbina.

Ummi ta ce ƙasa-ƙasa, "Kaka. Kaka, don Allah."

Na ce, "Ci gaba da sana'arki. Ni ba ruwana da kiɗanku, zama kawai na yi."

Malama Judit ta leƙo ta saman fiyano ta yi min murmushi. Baiwar Allah, ashe ta ɗauka al'adarmu ce, kaka ta zauna kusa da jikarta don sa albarka, kuma ba ta so ta ci mutuncin al'adar mutane. Sai ta yi musu alama su ci gaba.

Daniyel ya karkata hagu don ya hango Ummi. Na karkata hagu. Ya karkata dama. Na gyara zaman mayafina, na buɗe gwiwar hannu kamar kaza ta rufe 'ya'yanta. Ni ba ƙaramar mace ba ce, kuma ranar na sa babban leshi. Ya haƙura ya ja gogensa. Ummi ta shigo a makare. Ƙarar da ta fito, kamar an ja tsohon ƙyauren langa-langa. Suka tsaya. Suka sake, wannan karon ita ta riga shi. Suka tsaya. Mai naɗar sauti ya cire abin kunnensa ya ajiye a cinya a hankali.

Da na ga ido ya dawo kaina, sai na ce gara in yi bayani. Na ɗaga murya na ce, "Rakiya, gaya wa yaron nan, yarinyar nan tana da iyaye. In yana da magana, akwai hanyar da ake bi. Ba a ɗaga wa 'yar mutane gira a bainar jama'a."

Rakiya ta rufe fuska da tafin hannu. "Mma, wallahi ba zan faɗa ba."

"Ki faɗa. Ba don haka na zo da ke ba?"

"Ni na kawo ki, Mma."

"To ki faɗa."

Ta miƙe, ta faɗa. Daniyel ya yi ja tun daga wuya har kunne, ban taɓa ganin mutum ya sauya launi da sauri haka ba. Sai mai cikin nan ta layin gaba ta fashe da dariya, ta riƙe ciki da hannu biyu har na ji tsoron kada ta haihu a wurin. Ta faɗi wani abu, jama'a suka ɗauka gaba ɗaya.

Na ce, "Me ta ce?"

Rakiya ta share hawaye ta ce, "Matarsa ce, Mma. Ta ce ta gode, kuma don Allah in kin gama da nan ki biyo su gida, ki sa shi ya riƙa kallonta ko rabin haka."

Kun san yadda ƙafa ke yi in ka taka matakalar da babu ita? Haka na ji. Amma ba dariyar ce ta kashe min jiki ba. Na waiga na ga Ummi ita kaɗai ba ta dariya. Ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a kan katakon gogen, ta sa bakin hannun riga ta goge shi da sauri don kada ya ɓata.

Malama Judit ta taso ta durƙusa kusa da kujerata, mace mai furfura, ta yi magana a hankali Rakiya na juyawa. Ta ce a irin wannan kiɗa babu ganga, babu mai tsayawa gaba da sanda yana ba da umarni. Mutum uku ne dole su shiga tare su fita tare, kuma ba abin da ke haɗa su sai ido da numfashi. In ɗaya ya ja numfashi ya ɗaga gira, cewa yake yi, yanzu. In ba su ga juna ba, abin da na ji ɗazu shi zai fito.

Ba ta gama ba na gane, kuma ganewar ta fi komai ciwo, domin abu ne da na sani tun ban yi wayo ba. Lugude. Mu uku a kan turmi ɗaya, ni da yayyena, kowa da taɓaryarta. In ba ki kalli kafaɗar 'yar'uwarki ba, in ba ki ji nishinta ba, taɓarya ta haɗu da taɓarya, wata ta tafi da haƙori. Ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa cewa soyayya muke yi.

Ina zaune na rasa ta inda zan fara tashi, sai muryar Misis Harkot ta fito, 'yar siririya. Rakiya ta ce, "Ta ce kada kowa ya damu. Mahaifinta ya jira shekara ɗari, ba zai ƙi ƙara 'yan mintoci ba. Ta ce kuma ki zo ki zauna kusa da ita, wai nan ne aka fi ganin girar kowa."

Na yunƙura zan naɗe kujera, ta ƙi naɗuwa. Daniyel, yaron da na gama tozartawa, ya jingine gogensa, ya karɓi kujerar, ya kai min har gefen tsohuwar, ya buɗe, ya riƙe ta sai da na zauna. Allah ya yi masa albarka, ya sauki matarsa lafiya (ta sauka, mace, na kai musu turaren wuta).

Aka sake ɗauko kashi na biyu daga farko. Yanzu da na kalli duka ukun, sai na ga abin da ya wuce ni. Ummi tana ɗaga wa Malama Judit gira. Malama Judit tana ɗaga wa Daniyel. Kowa na ɗaga wa kowa. Ni mai idon da ba ya kuskure, mutum ɗaya na tsare, shi ya sa na ga abin da na ga dama.

Daga nan kuma sai na daina kallo, na ji. Kiɗa ne mai tafiya a hankali, kamar mutum yana tafe shi kaɗai da yamma ba ya sauri. Babban gogen ya faɗi magana da murya ƙasa, na Ummi ya amsa daga sama, siriri, ya yi kamar zai tsinke bai tsinke ba. Ban san Ingila ba, ban san me saurayin nan yake tunani ba lokacin da ya rubuta, amma na san mai kewa in na ji shi. Tsohuwar ta laluba ta kama hannuna. Hannunta ba nauyi, sai sanyi. Duk inda gogen Ummi ya hau sama sai ta matse ni. Daga baya ta ce wa Rakiya ita ta san mahaifinta mutum ne mai shiru da ke shuka kabeji a bayan gida, ba ta san akwai wannan a cikinsa ba.

Ni kuma mahaifiyata na tuna. Tana da wata waƙa da take yi in tana niƙa, kullum ita ce. Na yi ta nemanta a kaina a wurin nan, baiti ɗaya ban samu ba. Ba wanda ya rubuta, mu da muka ji mun manta. Ga wani can ya mutu tun tuni, kuma 'yar zuriyarmu ce ta tashe shi ya yi wa 'yarsa magana. Na sa bakin mayafi na share ido, na yi kamar ƙura ce.

Da aka gama duka, aka yi tafi, na tabbatar kowa ya fara kafin in sa hannu. Na je wurin Daniyel na faɗi kalmar ban haƙuri ɗaya da na sani a Turanci, na maimaita ta har ya gaji da cewa ba komai. Matarsa ta rungume ni, cikin ya tokare mu.

A hanyar gida Ummi ta juya fuska ga taga. Rakiya kuwa sai ta danne ta danne, sai ta fashe da dariya, har wani ya yi mata hon a fitilar Wendover. Na roƙe ta ta rufa min asiri. Ta rantse. Kafin magariba wata Hajiya ta bugo waya tana tambaya ko gaskiya ne na hau dandali a Irving Park. Har yau in na shiga taron suna, sai wata ta ce a ɓoye kujeru.

Uban ya dawo ya ce, "Hajiya, yaya?" Na ce na gaji, sai da safe.

Abin da na koya ba shi da yawa, don a shekaruna kai ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. Idona yana nan da kaifinsa, ban daina sa shi ba, ba kuma zan daina ba. Amma yanzu in na ga abu, ina tambayar wace ce mai cikin kafin in ɗauki kujera. Kuma na gode wa Allah da ya sa na yi wautata a gaban mutanen da suka yi dariya suka ba ni wuri, ba waɗanda za su nuna mana ƙofa ba.

Washegari bayan na idar da sallah na dama koko, na je na ƙwanƙwasa ƙofar Ummi. Ta buɗe da kumburarrun idanu.

Na ce, "Ɗauko gogen nan ki same ni a kicin."

"Kaka, in famasi ne ki faɗa kawai."

"Na ce ki ɗauko. Wurin da na ɓata jiya nake so ki kaɗa min, ban ji farkonsa da kyau ba."

Ta ɗauko, ta tsaya tsakanin firji da murhu da kayan barci, ta maƙale shi a haɓa, ta ɗaga sandar. Sai ta tsaya.

Na ce, "Me kike jira?"

Ta ce, "Ba ni ke farawa ni kaɗai ba. Sai an ba ni alama."

Na duba hagu, na duba dama, ba kowa sai ni da tukunyar koko. Na ajiye ludayi, na gyara ɗaurin ɗankwali, na dubi jikata tsakar ido, na ja numfashi, na ɗaga mata gira har sai da goshina ya yi ciwo. Dariya ta kusa kayar da ita, amma ta shiga daidai.

Tana cikin yi ubanta ya leƙo da takalmin aiki a hannu. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, to hukuncin fa? Makaranta na jira."

Na ce, "Ka rubuta musu tana zuwa. Kuma ka yi mana shiru, ba a magana a tsakiyar kiɗa."